Shanu Biyu da Tumaki Shida: Yadda Gonar Saje Martin Ta Kuɓuce Masa

Shanu biyu, tumaki shida, alade ɗaya. In an cire shimfiɗar kwana da tufafin sawa, dukiyar da Joseph Plumb Martin ya lissafa ke nan a takardar rantsuwarsa lokacin da yake neman fanshon tsofaffin sojojin yaƙin 'yancin Amurka. Da aka yi wa duk abin da ya mallaka kuɗi, dala 52 ya kama. Ya doshi shekara 60 a lokacin, ga mata mai fama da sanyin ƙashi, ga 'ya'ya biyar, babbansu kuma yana da lalurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa. Da aka zo kan sana'a ya ce shi lebura ne, amma tsufa da ciwo sun hana shi aiki. Ko taƙi ɗaya na ƙasa babu a lissafin, alhali shekara 20 kafin nan yana zaune a kan eka 100 da yake kira tasa.

Mutumin nan ba rago ba ne, kuma ba jahili ba. Mutanen garinsu sun yi shekara fiye da 20 suna damƙa masa littafin gari domin sun yarda da hannunsa da amanarsa. Babu kuma wanda ya zo masa da bindiga cikin dare ya kore shi daga gona. Komai bisa doka aka yi, da kwamiti da takarda da sa hannu. Wanda ya bi shi kuɗin ƙasar kuwa janar ne a rundunar da shi Martin ya yi wa bauta ta kusan shekara bakwai, a yaƙin da ya raba Amurka da mulkin Ingila.

An haife shi ranar 21 ga Nuwamba, 1760, a Becket, wani ƙauye a yammacin Massachusetts. Mahaifinsa, Ebenezer Martin, fasto ne da ya yi karatu a kwalejin Yale, sai dai ilimin bai zame masa arziki ba. Yaron yana da shekara bakwai aka kai shi riƙo wurin kakanninsa na wajen uwa a Milford, cikin Connecticut, manoma masu rufin asiri. A can ya koyi riƙe garma, ya kuma koyi karatu da rubutu. Suna gona shi da kakansa suna huɗa, a watan Afrilun 1775, suka ji ƙararrawa tana kaɗawa a gari. Labari ne ya iso cewa an gwabza da sojojin Sarkin Ingila a Lexington da Concord.

Bai shiga ba sai shekara ta zagayo, kuma shigar ma da ban dariya, in dai za mu bi yadda shi ya ba da labarin da ya tsufa. Ya je wurin ɗaukar sojoji yana ɗan shekara 15, abokai suna zuga shi, ya ɗauki alƙalami yana yawo da shi a saman takarda kamar mai rubuta suna, amma yana kiyaye kada bakinsa ya taɓa ta. Wani da ke leƙowa ta kafaɗarsa ya bugi hannun, tawada ta goga a takarda, aka ce ai shi ke nan, ya sa hannu. Sai ya ƙarasa rubuta sunan. Kakanninsa ba su so ba, amma suka haɗa masa bindiga da guzurin cuku da ƙaramin littafin Baibul.

Wata shida ya yi a wannan karon, cikin dakarun jihar Connecticut, kuma wata shidan gudu ne kusan duka: Long Island, Kip's Bay, inda jiragen ruwan Ingila suka yi musu luguden igwa kowa ya ranta a na kare, shi ma a ciki, sannan White Plains. Ya koma gida ƙarshen 1776. A watan Afrilun 1777 ya sake shiga, wannan karon a babbar rundunar ƙasa, kuma har sai yaƙi ya ƙare. Wasu mutanen gari ne da aka ɗora wa kawo soja ɗaya suka haɗa kuɗi suka ba shi ya tafi a madadinsu. Haka aka cika rundunar George Washington, babban kwamandan sojojin Amurka, bayan zumuɗin farko ya huce: samari marasa gona, 'yan ƙwadago, baƙin haure, bayi masu neman 'yanci. Mai gona da iyali yakan yi 'yan watanni ya koma.

A nan ya kamata a riƙe alƙawuran da aka yi masa, domin su ne asalin maganar. Majalisar ƙasa ta yi wa duk kurtun da ya yarda ya zauna har ƙarshen yaƙi alƙawarin ladan shiga dala 20, da albashin dala shida da kashi biyu cikin uku a wata, da abincin kullum, da tufafi duk shekara, da kuma eka 100 ta ƙasa in an gama. Ga yaron da ba shi da gadon uba, eka 100 ita ce komai. A Amurkar wancan zamani mai ƙasa shi ne cikakken mutum, shi ke da bakin magana a taron gari, shi ke da abin da zai bar wa 'ya'ya.

Abin da ya samu a zahiri yunwa ce. Yana cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a Fort Mifflin, wani tsibirin taɓo a kogin Delaware, inda Ingilishi suka yi kwanaki suna ruwan harsashin igwa a watan Nuwamban 1777. A watan Disamba Majalisa ta sa ranar godiya ga Allah ta ƙasa baki ɗaya, kuma tukwicin da aka raba wa sojoji domin shagalin ranar, a faɗarsa, shinkafa ce da ba ta cika tafin hannu ba da cokali ɗaya na ruwan khal. Da suka isa sansanin hunturu na Valley Forge cikin dare ƙishirwa ta kusa kashe shi, sai da ya ba wasu sojoji kwabo ukun da ya rage masa a duniya kafin su bar shi ya kurɓi ruwan gorarsu. Takalminsa ɗanyar fatar shanu ce da ya ɗinka da kansa, tana cin idon sawunsa, amma ta fi tafiya ba takalmi a kan ƙanƙara. Hunturun 1779 zuwa 1780 a Morristown ya fi wannan muni. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi, ya yi kwana huɗu ba abin da ya shiga bakinsa sai ɓawon itace da ya gwagwiya, ya kuma ga mutane suna gasa tsofaffin takalmansu. A watan Mayun 1780 rundunonin Connecticut biyu suka ɗauki makamai suka fito fili suka ƙi bin umarni saboda yunwa, yana cikinsu. Aka lallashe su suka koma.

Albashin kuma takarda ce da Majalisa ke bugawa ba zinariya ko azurfa a bayanta. Zuwa 1780 ita kanta Majalisar ta amince cewa dala 40 ta takarda ce daidai da dala ɗaya ta azurfa, bayan shekara guda kuwa ba mai karɓarta. Martin ya ce a kan hanyarsu ta zuwa Yorktown a 1781 aka biya su albashin wata ɗaya da tsabar azurfa da aka ranto daga Faransawa, kuma tun 1776 ba su ga wani abin da za a kira kuɗi ba sai ranar.

A lokacin an mayar da shi ƙaramar rundunar masu haƙa ramuka da share hanya, an ba shi saje. Su ne suka shata ramukan da aka kewaye Cornwallis, janar ɗin Ingilishi, da su a Yorktown, cikin duhu da ruwan sama. Daren 14 ga Oktoba, 1781, su ne a gaba riƙe da gatura, domin su sare shingen itatuwa masu tsini da ke kare ɗaya daga cikin ganuwoyin Ingilishi, dakarun da Alexander Hamilton ke jagoranta suna biye. Ranar 19 ga wata Cornwallis ya miƙa wuya. Igwogin Amurka da aka jera a bayan ramukan nan suna ƙarƙashin wani ƙaton janar, tsohon mai sayar da littattafai a Boston, Henry Knox. A riƙe sunayen nan biyu, Hamilton da Knox, domin duka za su dawo.

Sallama da takardun bashi

A watan Yunin 1783 aka fara watsa rundunar. Gwamnati ba ta da kuɗin biyan bashin albashin shekaru, sai ta ba sojoji takardun shaidar bashi, wai a biya wata rana. Mutumin da ke tsaye a bakin hanya da tsumma a jiki ba ya jiran wata rana. Martin ya sayar da wani ɓangare na takardunsa ya sayi tufafin da zai iya shiga mutane da su. Dubban 'yan'uwansa haka suka yi, wasu a kan kashi ɗaya cikin takwas na darajar takardar, 'yan baranda kuwa suna bin ƙauyuka suna tsincewa. A 1790 Hamilton, wanda ya zama Sakataren Baitulmali, ya sa aka amince gwamnati ta ɗauki bashin a kan cikakkiyar darajarsa, amma ga wanda takardar ke hannunsa a ranar. James Madison, ɗan Majalisa a lokacin, ya nemi a raba tsakanin sojan da aka ba tun farko da wanda ya saya, Majalisa ta ƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hamilton yana da hujjarsa, cewa ƙasar da ba ta mutunta takardar bashinta ba za ta sake samun mai ba ta rance ba, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Sai dai wanda ya biya kuɗin wannan mutunci shi ne sojan da ya riga ya sayar.

Hafsoshi sun fi sanin yadda ake matsa wa gwamnati. An yi musu alƙawarin rabin albashi har mutuwa, daga baya a 1783 aka mayar da shi cikakken albashin shekara biyar. A watan Mayun shekarar suka kafa ƙungiyarsu, da shawarar Knox, suka sa mata sunan Cincinnatus, wani mutumin tsohuwar Rum da aka kira daga gona ya ja ragamar yaƙi, da ya ci nasara ya ajiye mulki ya koma kan garmarsa. Hafsoshi kaɗai ke shiga, kuma ɗan fari ke gadon kujerar ubansa. Sojan da zai koma kan garma da gaske, irin Martin, ba shi da wuri a ciki.

Eka 100 ɗin fa? Sai 1796, shekara 13 bayan yaƙi, aka keɓe yankin da za a ba su, can cikin Ohio, tafiyar makonni daga gabar teku. Kuma da farko ba a yanka ƙasar sai a manyan ƙulli na eka 4,000, wato mai takardar eka 100 sai ya nemo wasu 39 su haɗu, ko ya sayar wa dillalin da ya riga ya tara. Mafi yawa sayarwa suka yi. Martin da kansa ya kwatanta su da tsofaffin dawaki da aka gama mora aka kora, ba a ma yi zancen inda za su yi kiwo ba. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta.

Bakin kogin Penobscot

Ya yi kusan shekara yana koyar da yara a jihar New York. A 1784 ya ji ana cewa ƙasa tana nan a banza a Maine, wadda a lokacin yanki ce ta Massachusetts, sai ya nufi can. Ya sauka a bakin kogin Penobscot, kusa da kangon wata tsohuwar ganuwa, Fort Pownall, wurin da bayan shekara goma aka yi wa rajista da sunan garin Prospect. Ƙasar ba ta banza ba ce, ta ƙabilar Penobscot ce, 'yan asalin yankin, tun kaka da kakanni, kuma ganuwar nan da aka gina a 1759 an gina ta ne domin a danne su. Sun goyi bayan Amurkawa a yaƙin 'yanci, hakan bai hana Massachusetts karɓe wani babban yanki na ƙasarsu a 1796 a madadin kayan masarufi na shekara-shekara ba. A rigimar da za ta ɓarke tsakanin janar da saje, ba wanda ya tambaye su.

Noma a Maine wahala ce zalla. Daji ne mai manyan itatuwa, sai ka sare, ka bari su bushe, ka ƙona, ka yi shuka tsakanin kututture. Ƙasar cike take da duwatsu, duk shekara sanyi yana turo sababbi sama. Lokacin shuka gajere ne, raɓar ƙanƙara tana iya kashe masara kafin ta nuna. Mutum ɗaya da gatari, ba shanun huɗa, ba kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago, eka kaɗan yake iya buɗewa a shekara. Kuɗin hannu kuma daga itace yake fitowa, a sare itacen girki da katako a jawo bakin ruwa, ƙananan jirage su kai Boston, a karɓi gishiri da gari da ƙusa, sau da yawa ma bashi ne ake ragewa a kantin ɗan kasuwa.

Mazauna dajin suna da fahimtarsu game da mallaka, kuma ba ta rasa tushe ba. A wurinsu daji ba shi da daraja sai gumi ya zuba a kansa, saboda haka wanda ya sare ya shuka shi ke da shi. Sun kuma ɗauka cewa manyan filayen da sarakunan Ingila suka rabar wa 'yan gaban goshinsu sun faɗi tare da mulkin Sarki, balle waɗanda masu su suka bi Ingilishi suka gudu. Me aka yi yaƙin domin sa, in ba haka ba?

Wurin da Martin ya zauna yana cikin irin waɗannan filaye. Asalinsa kyauta ce da aka rubuta a Ingila a 1630, daga baya ta faɗa hannun Samuel Waldo, wani attajirin Boston, aka riƙa kiranta da sunansa. Faɗinta ya haura eka rabin miliyan. Surukin Waldo, Thomas Flucker, sakataren gwamnatin Sarki ne a Massachusetts, kuma ya bi Ingilishi ya tafi. Da a nan labarin ya tsaya, da ƙila zaton mazauna ya tabbata. Amma 'yar Flucker, Lucy, ta bijire wa iyayenta a 1774 ta auri mai sayar da littattafan nan, Henry Knox. Ta wurinta ya samu ƙofar shiga. Yana Sakataren Yaƙi, yana da abokai a majalisar jiha, ya sa aka tabbatar da tsohuwar takardar, ya tattara kason surukinsa da aka ƙwace, ya sayi na sauran magada, zuwa farkon shekarun 1790 kusan duk filin ya dawo hannunsa. Takardar da aka rubuta da ikon Sarki ta tsallake juyin da ya kori Sarkin, ta sauka a aljihun ɗaya daga cikin waɗanda suka kore shi.

A 1794 Martin, yana da shekara 33, ya auri Lucy Clewley, 'yar shekara 18, 'yar maƙwabta. Matan mutanen biyu duk Lucy ne, abin da ya haɗa gidajen ke nan kawai. A daidai lokacin magina suna ɗaga wa Knox wani katafaren gida a Thomaston da ya sa wa suna Montpelier, ya tare a ciki a 1795 bayan ya ajiye muƙaminsa, ya fara aika 'yan safiyo su auna ƙasa su bi mazauna kuɗi.

A 1797 majalisar Massachusetts ta naɗa kwamiti ya yanke farashin da kowane mazauni zai biya. Martin aka ce dala 170 a kan eka 100, cikin shekara shida, kashi uku, ko da tsabar kuɗi ko da amfanin gona. A takarda wannan sassauci ne, dala ɗaya da santi 70 kowace eka. Amma a auna shi da albashin da aka yi masa alƙawari: dala 170 albashin kurtu ne na wata 25 da 'yan kwanaki. Mutumin ya yi kusan shekara bakwai a bakin daga. Da an biya shi ko rabin haƙƙinsa da kuɗin gaske, da ya sayi gonar ya kuma sayi shanun huɗa. A ganina a nan gonar ta salwanta, tun a 1783, shekara 14 kafin kwamitin ya zauna. Ya shiga daji da hannu biyu kawai, kuma duk shekarar da ba ka da jari, abin da ka noma cikinka yake tafiya.

Ga kuma yanayin gidan. Manomin daji 'ya'yansa ne ƙarfinsa, Martin kuwa ya makara da aure saboda yaƙi da talauci. Ɗansa na fari, Joseph, an haife shi a 1799, kuma shi ne mai lalurar, wanda zai buƙaci kulawa maimakon ya ɗauki gatari. Tagwaye, Nathan da Thomas, sai 1803 suka zo, shekarar da wa'adin biyan ke cika. Kafin su isa riƙe gatari uban ya haura 50, da jikin da ya kwana a taɓo da ƙanƙara tun yana ɗan 16.

Hanya biyu ce a gaban mazauna. Na can cikin daji, nesa da kotu da ɗan sanda, sun zaɓi turjiya. Sukan shafa baƙi a fuska su yafa bargo, su yi shigar 'yan asalin ƙasar, su tare 'yan safiyo su farfasa kayan awonsu. A 1800 an harbi wasu ma'aikatan Knox aka raunata su. Abin takaici ne a ce mutanen da suka zauna a ƙasar Penobscot su ne kuma suka ari kamanninsu domin su tsorata wani. Na bakin teku kuwa, waɗanda cinikinsu ke bi ta hannun 'yan kasuwa kuma takardar sammaci ke iya iske su cikin yini ɗaya, yawanci sun bi ta lalama. Martin yana cikin waɗannan. A 1801 ya rubuta wa Knox wasiƙa yana roƙo, ya ce ya jefa kansa da iyalinsa a gaban rahamarsa, a taimaka kada su rasa wurin zama. Mutumin da ya tunkari ganuwar Ingilishi da gatari cikin dare, shi ne yake wannan ƙanƙan da kai. Bashin dai bai sauka daga wuyansa ba.

Ba zan mayar da Knox dodo ba. Shi ne ya jawo igwogi daga Ticonderoga zuwa Boston a kan dusar ƙanƙara a hunturun 1775 zuwa 1776, aikin da ya tilasta wa Ingilishi barin birnin. Cikin 'ya'ya 13 da suka haifa da matarsa, uku kaɗai suka girma. A idonsa shi uba ne ga yankin, yana kawo masa ci gaba, ya zuba kuɗi a ƙona farar ƙasa da yin bulo da ƙera jirage da kiwo. Sai dai kusan duka da rance ya yi su, kuma rayuwar Montpelier da baƙinta tana cin kuɗi kamar wuta. Shi ma ana bin sa, saboda haka ba shi da sararin yafe wa kowa. Tun a 1786, lokacin da manoman yammacin Massachusetts suka tayar da ƙayar baya kan haraji da bashi ƙarƙashin wani tsohon kyaftin, Daniel Shays, Knox ya nuna inda ya tsaya, domin wasiƙunsa ne suka tsorata Washington da cewa talakawa na neman raba dukiyar mutane. Ya mutu ranar 25 ga Oktoba, 1806, bayan ƙashin kaza ya maƙale masa, yana da shekara 56, bashi ya yi masa katutu. Filin ya koma hannun attajiran Boston da suka ba shi rance, irin su Israel Thorndike da David Sears. Ga mazauna, mai karɓa ne kawai ya sauya.

A 1808 aka yi dokar da ta ɗan rage zafi. Ta ce in mai takarda ya kai ƙarar wanda ya shekara shida a kan fili, to ko dai ya biya shi ladan gyaran da ya yi, ko ya karɓi kuɗin ƙasar a farashinta na daji. Gwamnan da aka yi dokar a zamaninsa James Sullivan ne. Ɗan da aka haifa wa Martin a 1810 sunansa James Sullivan Martin, kuma ni ina karanta ra'ayin uban a cikin sunan nan. Amma doka ba ta ƙirƙiro kuɗi a aljihun wanda ba shi da su. Takunkumin da Shugaba Jefferson ya sa wa cinikin teku a ƙarshen 1807 ya durƙusar da kasuwar katako. Zuwa 1811 rabin gonar ya tafi. An haifi autarsu Susan a 1812, shekarar da aka sake shiga yaƙi da Ingila, a 1814 kuma Ingilishi suka mamaye Castine, tsallaken ruwa kaɗan daga gidansa, suka hau kogin har Bangor. Sai 1816, shekarar da aka yi dusar ƙanƙara a watan Yuni, sanyi ya kashe amfanin gona a duk yankin, sakamakon aman wutar dutsen Tambora a can Indonesiya shekara guda kafin nan. Iyalai da yawa suka tattara suka nufi Ohio. Zuwa 1818 Martin ba shi da ƙasa ko kaɗan.

A watan Maris na shekarar Shugaba James Monroe, wanda shi ma an harbe shi a yaƙin, ya sa hannu a dokar fansho: dala takwas a wata ga ƙaramin soja, dala 20 ga hafsa, muddin mutum ya yi wata tara a babbar runduna kuma yana cikin buƙata. Masu nema suka ninka abin da aka zata, aka fara gunagunin cewa akwai 'yan damfara, sai a 1820 aka ƙara sharaɗi, kowa ya je kotu ya rantse ya lissafa duk abin da ya mallaka. Wato kafin a ba ka haƙƙinka sai ka tsaya gaban maƙwabta ka tona asirin gidanka, ka faɗi ciwon matarka da lalurar ɗanka. Shanu biyun nan su ne madarar yara da man shanun da za a kai kanti, tumaki shida su ne ulun da Lucy za ta kaɗa ta saƙa da hannuwa masu ciwo, aladen kuma naman hunturu. An amince masa da dala 96 a shekara. Fanshon shekara biyu ya fi kuɗin gonar gaba ɗaya, da ya zo a 1797.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matsayinsa a gari bai faɗi tare da gonar ba. An zaɓe shi cikin dattawan da ke tafiyar da al'amuran Prospect, ya yi alƙalin sulhu, ya kuma riƙe muƙamin magatakardan gari shekara da shekaru, yana rubuta haihuwa da aure da mutuwa da shawarwarin taro. Yana rubuta waƙoƙi, yana zanen tsuntsaye. A 1830, yana gab da cika 70, ya buga labarin yaƙinsa a Hallowell ba tare da sa sunansa ba. A lokacin ana ta yi wa janarori kirari, ana kuma jin masu cewa 'yan fansho cima-zaune ne, har da masu cewa dakarun sa-kai ne suka ci yaƙin, ba sojojin haya ba. Littafin amsa ce gare su, cike da barkwanci mai ɗaci da lissafin abincin da ba a ba su ba. Bai yi kasuwa ba. Sai a 1962 aka sake buga shi, kuma tun daga nan da wuya ka ga masanin tarihin da zai yi maganar rayuwar ƙaramin soja a yaƙin bai jingina da shi ba.

A 1836 wasu sojojin Amurka da ke ratsawa ta Prospect suka ji cewa akwai tsohon sojan yaƙin 'yanci a garin, suka tsaya a ƙofar gidansa suka harba bindigogi sama domin girmamawa. A 1844 gwamnati ta fara gina wata babbar ganuwa a bakin kogin, a cikin garin Prospect ɗin, domin kada Ingilishi su sake hawowa. Daga dutsen Waldo aka fasa duwatsun ginin, aka kuma sa mata suna Fort Knox. Martin yana da rai, yana da shekara 83, 'yan mil kaɗan daga wurin. Ya rasu ranar 2 ga Mayu, 1850, aka binne shi a maƙabartar Sandy Point. Lucy ta bi shi a 1857, shekarar da aka yanke ɓangarensu daga Prospect aka yi sabon gari, wanda yau ake kira Stockton Springs. A kan dutsen kabarinsa an rubuta cewa sojan juyin juya hali ne.